Darussa shida a Lincoln: yadda aka koya wa ɗalibai su bar shafi kafin su yarda da shi

Lincoln shi ne babban birnin jihar Nebraska, can tsakiyar Amurka, ƙasar masara da shanu. Ba gari ne da sunansa ke yawan fitowa a labaran duniya ba. Amma a manyan makarantun sakandaren gwamnati na wannan birni aka yi wani gwaji da ya kamata ya kai kunnen duk malamin da ke ce wa ɗalibansa "ku je ku duba a intanet". Masu bincike daga Jami'ar Stanford, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Sam Wineburg, sun haɗa kai da hukumar makarantun birnin, aka ɗauki ɗalibai 499 masu karanta darasin gwamnati. Daga cikinsu 271 aka ba su darussa shida na musamman kan tantance abin da suke gani a intanet, kowanne minti 50, a cikin kimanin wata uku. Sauran 228 suka ci gaba da karatunsu yadda aka saba, domin a samu abin kwatance. Sakamakon ya fito a shekarar 2022 a mujallar Journal of Educational Psychology.

Darussa shida ba su da yawa. Idan aka haɗa su, awa biyar ce. Amma kafin a tsara waɗannan awoyi biyar, sai da aka shafe shekaru ana neman ainihin inda ciwon yake.

Manya sun saba cewa yaran zamani da waya a hannu aka haife su, don haka ba sai an koya musu komai a kanta ba. Wineburg da abokan aikinsa sun gwada wannan magana tsakanin Janairun 2015 da Yunin 2016. Sun tattara amsoshi 7,804 daga ɗalibai a jihohi 12, tun daga ƙaramar sakandare har jami'a, suka fitar da rahoto a Nuwamban 2016. An nuna wa 'yan ƙaramar sakandare shafin farko na mujallar Slate, inda aka saka talla cikin siffar labari, har da rubutu a jikinta da ke nuna cewa biyan kuɗinta aka yi. Sama da kashi 80 cikin ɗari suka ɗauke ta a matsayin labari na gaske. 'Yan babbar sakandare kuma aka nuna musu hoton wasu furanni masu karkatacciyar halitta, wanda wani da ba a san shi ba ya ɗora a shafin Imgur, da iƙirarin cewa haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, na 2011, shi ya lalata su. Kusan kashi 40 cikin ɗari suka ce hoton hujja ce mai ƙarfi. Waɗanda suka tambayi wa ya ɗauki hoton, ko a ina aka ɗauke shi, ba su kai kashi 20 ba.

Ana iya cewa an yi wa yaran rashin adalci, tunda da yawa daga cikin waɗannan tambayoyi a takarda aka ba su, ba su da damar bincike. To, tsakanin 2018 da 2019 aka sake gwajin da ɗalibai 3,446 na babbar sakandare, wannan karon da kwamfuta da intanet a gabansu, su binciki duk abin da suka ga dama. Aka nuna musu wani bidiyo mai dishi-dishi daga Facebook, wanda ke nuna mutane suna cusa ƙuri'u cikin akwatunan zaɓe, an ce wai a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat ne na 2016. A Rasha aka ɗauki bidiyon. Kashi 52 cikin ɗari suka ce hujja ce mai ƙarfi ta maguɗin zaɓe a Amurka. Cikin ɗalibai sama da dubu uku, uku ne kacal suka gano asalin bidiyon, alhali bincike na ɗan lokaci zai kai su ga rahotannin da suka tona shi. An kuma ba su wani shafi mai suna CO2 Science da ke magana kan sauyin yanayi. Kashi 96 cikin ɗari ba su yi la'akari da alaƙar masu shafin da kamfanonin man fetur ba, alhali ƙungiyar da ke bayansa ta karɓi kuɗi daga ExxonMobil.

Wannan ya kawar da uzurin rashin kayan aiki. Google na gaban yaran, ba su tambaye shi ba. Sun zauna suna kallon abin da aka nuna musu, suna auna shi da ido.

Abin da ya buɗe hanyar gyara wani ɗan ƙaramin bincike ne da Wineburg da abokiyar aikinsa Sarah McGrew suka fitar a 2017. Mutum 45 kawai suka gayyata: masana tarihi 10 masu digirin digirgir, ɗaliban Stanford 25, sai mutum 10 da sana'arsu ita ce tantance gaskiyar labarai a manyan kafofin yaɗa labarai. Kowa aka zaunar da shi gaban kwamfuta, ana naɗar abin da yake yi, yana kuma faɗin abin da ke zuciyarsa a fili yayin da yake aiki.

Aka ba su rubutu biyu kan cin zali tsakanin ɗalibai a makaranta, daga ƙungiyoyi biyu na likitocin yara. Ɗaya sunanta American Academy of Pediatrics, ɗayar kuma American College of Pediatricians. Sunayen sun yi kama, tamburan duka na ƙasaita ne, rubutun duka da ambaton bincike a ƙasa. Sai dai ta farkon an kafa ta tun 1930, mambobinta sun haura dubu sittin, ita ce babbar ƙungiyar likitocin yara a ƙasar. Ta biyun wasu tsiraru ne suka ɓalle suka kafa ta a 2002, saboda adawa da matsayin uwar ƙungiyar kan bai wa masu auren jinsi riƙon yara, kuma mambobinta 'yan ɗaruruwa ne. Mai karatu na iya samun kansa yana goyon bayan ra'ayin ƙaramar ƙungiyar a wancan batu, wannan kuma haƙƙinsa ne. Amma ko mai goyon bayanta ya kamata ya san da wa yake magana, kada ya ɗauka muryar dukan likitocin yaran Amurka yake ji. Masu tantance labarai duka goman sun gane bambancin cikin ƙanƙanin lokaci. Masana tarihi rabinsu ne kawai suka fifita babbar ƙungiyar kai tsaye. Ɗaliban Stanford kuwa, waɗanda sai an tace an sake tacewa ake ɗaukarsu a wannan jami'a, kashi 64 cikin ɗari suka ce ƙaramar ƙungiyar ta fi zama abin dogaro.

Aka sake ba su wani shafi, minimumwage.com, mai magana kan mafi ƙarancin albashi da harshen masana. Shafin na wata cibiya ce mai suna Employment Policies Institute, ita kuma cibiyar tana ƙarƙashin kamfanin Richard Berman, wani mai kamun ƙafa da hulɗa da jama'a a Washington wanda ya yi suna wajen yi wa masu gidajen abinci da otal-otal aiki, wato mutanen da ƙarin albashi zai fi taɓa aljihunsu. Masu tantance labarai duka sun bi sawu har ƙofar Berman. Masana tarihi shida ne suka kai, kuma sun ɗauki lokaci mai tsawo. Ɗalibai kashi 40 cikin ɗari ne suka isa.

A nan ne nake ganin darasi mafi nauyi ga malamai. Waɗanda suka faɗa ramin ba jahilai ba ne. Masana tarihi sun ƙare rayuwarsu wajen ƙwanƙwance takardu, kuma wannan ƙwarewar ce ta riƙe su a shafin. Sun karanta daga sama har ƙasa, sun duba salon rubutu, sun leƙa sashen da ƙungiyar ke gabatar da kanta, sun auna hujjoji. Duk abin da suka auna kuwa, mai shafin ne ya ajiye musu shi. Masu tantance labarai ba su fi su ilimin likitancin yara ko tattalin arziki ba. Abin da suka yi daban shi ne, da sun ga sunan da ba su sani ba, sai su bar shafin nan take, su buɗe sababbin shafuka a gefe, su rubuta sunan ƙungiyar, su ga abin da wasu suka ce a kanta. Sai sun san mai magana sannan su dawo su saurari maganar, idan ma ta cancanci a dawo. Masu binciken suka kira wannan ɗabi'a karatun gefe.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman hadisi ba su taɓa yarda da mai ruwaya don daɗin lafazinsa ba, kuma ba shi ake tambaya ko shi mai gaskiya ne. Littattafan da suka tattara tarihin maruwaita ake buɗewa, a ga abin da waɗanda suka san shi suka faɗa: wa ya koyar da shi, ya ƙarfin haddarsa, an taɓa kama shi da ƙarya ko kuwa. Isnadi, wato jerin maruwaita, ake fara dubawa kafin a zauna kan matani, wato lafazin hadisin. Ɗaliban da aka gwada a Amurka matani kawai suke karantawa.

Laifin ba na yaran ba ne su kaɗai, domin haka aka koya musu. Shekara da shekaru makarantu da ɗakunan karatu a Amurka suna raba wa ɗalibai jerin tambayoyin auna shafi, mafi shahara cikinsu ya fito daga ɗakin karatu na Jami'ar Jihar California da ke Chico a 2004. Irin waɗannan jeri kan tambayi: yaushe aka sabunta shafin? Akwai kurakuran rubutu? An sa sunan marubuci da adireshi? Akwai talla da yawa? Adireshin yana ƙarewa da .org ko .com? An yi su da kyakkyawar niyya. Matsalar ita ce kowace tambaya a ciki mai shafin ne ke da ikon amsa ta yadda yake so. Mai kuɗin da zai ɗauki kamfanin hulɗa da jama'a ba zai bar kuskuren rubutu ba. Adireshi mai .org kuwa kowa na iya saya da kuɗi kaɗan, ba a neman wata shaida, amma ɗalibai da dama sun taso da imanin cewa alamar amana ce. Sai ya zama mayaudarin da ya fi iya shiri shi ke cin jarrabawar. A gefe guda kuma an hana yaran Wikipedia, an ce kowa na iya rubutu a cikinta, alhali nan ne masu tantance labarai kan fara leƙawa don sanin ko wace ce ƙungiya.

Daga wannan fahimta aka gina manhajar da aka ɗauki darussan Lincoln a cikinta. Tambayoyi uku ne ƙashin bayanta: wa ke bayan wannan bayani? Mene ne hujjarsa? Me wasu majiyoyi suka ce? Malaman makarantun da kansu suka koyar, ba baƙi daga jami'a ba, kuma a cikin darasin gwamnati na yau da kullum, ba a ƙirƙiro wani sabon fanni ba. Wannan zaɓi yana da muhimmanci, domin abin da sai ƙwararre daga waje zai iya koyarwa ba ya daɗewa a makaranta.

Tsarin koyarwar mai sauƙi ne. Malami ya haska kwamfutarsa a allo, ya buɗe shafin da ba a sani ba, ya yi aikin a gaban ɗalibai yana faɗin tunaninsa: ban san wannan ƙungiya ba, don haka ba zan ɓata lokaci a nan ba, bari in buɗe wani shafi in nemi sunanta. Daga nan ɗalibai su gwada da wani misali, a tattauna, su sake gwadawa. Misalan na gaske ne, daga intanet ɗin da yaran ke shiga kullum, har da shafuka masu yaudara. Malamai da yawa kan so su tace wa ɗalibai shafuka masu kyau su miƙa musu, kuma akwai ranar da hakan ya dace, amma yaron da bai taɓa haɗuwa da shafin ƙarya a gaban malaminsa ba zai haɗu da shi shi kaɗai.

Akwai wata ɗabi'a ta biyu da manhajar ta ba wa muhimmanci, wadda ta shafi binciken kansa. Ɗalibai kan danna sakamako na farko ko na biyu da Google ya kawo, suna zaton jerin yana tafiya ne bisa gaskiya, wato na sama ya fi inganci. Ba haka ba ne. Na saman na iya zama talla, ko shafin ƙungiyar da ake bincike a kanta, ko na wanda ya iya dabarun tura shafinsa sama. Masu tantance labarai kan riƙe hannunsu tukuna. Sukan bi jerin da ido, su karanta adireshin kowane sakamako da ɗan tsakuren rubutun da ke ƙarƙashinsa, wani lokaci su wuce zuwa shafi na biyu, sannan su zaɓi inda za su shiga. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma su ke raba wanda ya faɗa hannun mai talla da wanda ya isa ga rahoton jarida mai zaman kanta. Haka nan kalmomin da ake rubutawa suna da tasiri. Wanda ya sa sunan ƙungiya cikin alamar zance, ya ƙara kalma kamar "kuɗi" ko "wa ke ɗaukar nauyi", zai ga abin da wanda ya kwafe taken labarin kawai ba zai gani ba. Wikipedia kuma aka dawo da ita aji a matsayin wurin farawa: a karanta gabatarwa don sanin ko wane ne, a gangara ƙasa a bi majiyoyin da aka ambata.

An gwada rukunonin biyu kafin darussan da bayansu, da intanet a buɗe. Makin waɗanda aka koyar ya kusa ninkuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu da ɗaya rukunin ta wuce abin da za a ce dace ne. A Kanada ma wata ƙungiya mai suna CIVIX ta gwada irin wannan hanya da ɗalibai sama da 2,000, ta ba da rahoto a 2021 cewa yawan amfani da karatun gefe ya tashi daga kashi 11 zuwa 59 cikin ɗari.

Ba na so a ɗora wa wannan sakamako abin da bai ɗauka ba. Awa biyar ba ta mayar da yaro mai tantance labarai. Ɗalibin da ke zaune a aji ya san ana gwada shi, don haka yana a farke, ba kamar lokacin da yake kwance da dare yana jan allon waya, abokinsa ya turo masa abin da ya dace da ra'ayinsa ba. Sanin yadda ake bincike daban, son yin binciken daban, musamman idan labarin ya yi wa mutum daɗi. Akwai kuma haɗarin da ya kamata malami ya sa wa ido: yaron da aka yi ta nuna wa shafukan yaudara yana iya fita da tunanin cewa kowa maƙaryaci ne, jarida da mai yaɗa jita-jita duk ɗaya. Wannan ma wata asara ce, domin karatun gefe ba ya aiki sai ɗalibi yana da wasu majiyoyi da ya san dalilin da ya sa aka fi yarda da su: suna da editoci, suna gyara kuskure a fili, ana iya kai su kotu. Dole a koyar da wannan tare da shakkar.

Duk da haka, gwajin Lincoln ya nuna abin da ba a da tabbacinsa a da. Gazawar da aka gani a 2016 da 2019 ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, ta ɗabi'a ce, kuma malamin aji na iya sauya ta cikin ɗan lokaci ba tare da an rushe jadawali ba.

Bidiyon Rasha da aka laƙaba wa Amurka ba zai ba wa mai karatu a Najeriya mamaki ba. A Yunin 2018, lokacin rikicin jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun yaɗu a Facebook, kuma binciken BBC ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu a Congo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar. A wurinmu ke nan, kuskuren da ɗalibin Amurka ya yi a takardar gwaji yana iya zama sanadin rai.

Sai dai yanayinmu ya bambanta, kuma duk mai son ɗauko darasin sai ya yi la'akari da hakan. Makarantun Lincoln suna da kwamfutoci da intanet a aji. Yawancin ɗalibanmu ta waya suke shiga, da data da ake lissafinta, kuma buɗe shafuka huɗu a ƙaramin allo ba abu ne mai daɗi ba. Abin da ke zuwa ta WhatsApp sau da yawa ba shi da sunan ƙungiya ko adireshin da za a bincika, murya ce ko bidiyo da aka turo daga hannu zuwa hannu. A nan matakin farko shi ne a ɗauki hoton allo a nemi asalinsa da Google Lens ko TinEye, ko a rubuta ainihin iƙirarin a ga ko BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya ko masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check sun taɓa shi. Sannan rubutun Hausa a intanet bai kai na Turanci ko Faransanci yawa ba, don haka yaron da ya nemi abu da Hausa bai samu komai ba yana iya ɗauka babu wanda ya musanta shi. Ya kamata a koya masa ya sake nema da Turanci, ko da Faransanci idan a Nijar yake, kafin ya yanke hukunci. Yanzu kuma da Google da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke ba da amsa a dunƙule, tambayar daga ina wannan ya fito ta ƙara wuya, domin amsar kan zo da murya ɗaya mai cike da tabbaci, majiyoyin kuma a ɓoye ko a ƙasa inda ba kowa ke dubawa ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana farawa. Zuciyar darasin ita ce malami ya yi bincike a gaban ɗalibai yana faɗin dalilin kowane mataki, kuma waya ɗaya ta isa a yi hakan da rukuni ƙarami. Ƙungiyar Wineburg ta bar Stanford a 2024 ta zama mai zaman kanta da sunan Digital Inquiry Group, darussan kuma suna nan kyauta a shafinta, da Turanci. Misalan cikinsu na Amurka ne, kuma Richard Berman ba kowa ba ne a wurin ɗalibin Kano ko Maraɗi. Malamin da zai yi amfani da su sai ya nemi nasa misalan, kuma ba zai yi nisa ba: ya ce kowane ɗalibi ya kawo saƙo ɗaya da aka turo wa gidansu a wannan mako, na maganin da ke warkar da kowace cuta, ko na tallafin gwamnati da ake cike fom, ko na ɗaukar aiki, a zaɓi ɗaya a bi sawunsa tare a aji.